Jirgin Mama a Falo

Da ƙyar Mordecai ya tura kujerun ta ƙofar gidansu da ke saman bene a Tottenham, can ƙasar waje, yana haki kamar wanda kare ya koro. Kujerun jirgin sama ne guda uku a manne, har da bel ɗinsu.

"Wannan tarkacen kuma fa?" in ji matarsa Cynthia.

"Maganin Mama ne."

Mama, mahaifiyarsa, daga Jos ta zo yi wa Cynthia wankan jego. Bizarta ta kusa ƙarewa, ita kuwa ta kafe ba ita ba sake shiga jirgi, wai a zuwa ya yi ta jijjiga ta har sai da ta yafe wa kowa. In ta wuce wa'adi kuwa, da wuya a sake barin ta shigo ƙasar. Abin duniya ya ishi Mordecai. Shi ma'aikaci ne a wani kamfani da ke bayan gari, inda ake gyara tsofaffin jiragen fasinja a miƙa wa sojan ruwa. Nan ya roƙo kujerun da aka cire, wai zai koya wa Mama tashi sama.

Aka zaunar da ita a ta tsakiya, aka ɗaure mata bel. Cynthia ta kunna hoover, na'urar zuƙe ƙura, a matsayin inji, ta kawo shayi a faranti tana murmushin dole. Mordecai ya zagaya baya ya kama girgiza kujerun iya ƙarfinsa.

"Mama, kin ji iskar da kike tsoro ke nan. Ba ta kisa."

Mama ta kurɓi shayinta, ko ɗigo bai zuba ba. Har ƙarin sukari ta nema. Maƙwabcin ƙasa ya fara bugo rufi da sanda, Mordecai ya jiƙe sharkaf, ita ko gezau.

Can ta shafa hannun kujerar. "Shi jirgin mai kujerun nan ina aka kai shi? Bola?"

"Wace irin bola, Mama? Na'urori muka sa masa. Zai riƙa shawagi a kan teku yana gadi, kuma a cikinsa za a koya wa sababbin sojoji aiki."

"Kuma tsoho ne?"

"Tukuf."

"To, ka ji. Ya gama jigila, amma ba a sallame shi ba. An ba shi gadi da renon yara." Ta juya ta dubi gadon da jaririya Gift ke barci. "Mutanen nan suna da wurin ajiye tsohon jirgi. Tsohuwa ce ba su da wurinta."

Cynthia ta kashe hoover. Mordecai ya saki kujerun, kunya da tausayi suka rufe shi. Ashe ba tsoron jirgin ba ne ya hana ta tafiya. Ya zagayo ya zauna kusa da ita.

"Mama, kina sauka Jos zan fara neman wata bizar. Amma sai kin tafi a kan lokaci."

Mama ta dube shi. Sannan ta ja bel ɗinta ta ƙara tamkewa.

"Kar ka mayar musu da kujerun, ta tsakiyar tawa ce. Cynthia, kunna injin. Kai kuma tashi ka girgiza da kyau, na gasken ya fi ka ƙarfi."