Kamu Huɗu a Gindin Giginya

Takalmin Manajan kamfani na fara gani, baƙi yana sheƙi, ya nutse a yashin tsakar gidan Mai Fito. Ba wai leƙe nake yi ba. Akwai wata 'yar kafa a katangar da ta raba gidana da nasa, daidai tsayin idona, kuma Allah bai ba mutum ido don ya rufe shi a kwano ba.

"Sannu da jiki, Baba," in ji Manaja. "Jirginmu ya sake kafewa a yashi."

"Na ji kukansa tun safe," Mai Fito ya ce daga kan tabarma. Tari ya sarƙe shi, 'yarsa Auta ta miƙa masa ruwa. "Karo na uku ke nan."

Shekara talatin muna maƙwabtaka da mutumin nan. Shi ke ƙetarar da mutane a kwale-kwale tun ina da haƙora cikakku. Matarsa ƙawata ce. Da ta rasu aka binne ta a ƙetaren kogi, a tsohuwar maƙabartar danginsu, gindin wata doguwar giginya. Kullum in ya sauke fasinjan farko sai ya hau tudun ya ɗan tsaya. Na sha tsokanarsa cewa tana raye ma bai yi mata hira haka ba.

Sai masu kamfani suka zo suka kewaye ƙetaren da shingen waya, suka jera masana'antu. Ranar buɗewa na je. Aji uku kawai na yi a boko, amma abin da ya shiga kunnena ba ya zubewa, shi ya sa unguwa ke kirana Rediyo. Wannan Manajan ya riƙe lasifika ya ce jirgin ruwa ɗaya yana ɗaukar kayan tirela arba'in. Ya ce ruwan sanyaya injuna ga shi a bakin ƙofa, kuma kogi ba shi da ramuka, ba shi da cunkoso. Bai yi ƙarya ba. Samarinmu sun samu aiki, mata sun samu kasuwar abinci a bakin get. Aka yi gada, sana'ar fito ta mutu. Shingen kuma ya haɗiye giginyar da waɗanda ke kwance gindinta. Da Mai Fito ya je, masu gadi suka ce sai mai kati.

Abu ɗaya masu karatun suka manta: yashin kogi tafiya yake yi. Inda jirgi ya bi bara, bana tudu ne.

"Nawa za mu ba ka ka nuna mana hanya?" in ji Manaja.

"Yaro, mai jikin nan me zai yi da kuɗi? Wuri nake so. Kamu huɗu, kusa da kabarin matata."

Manaja ya dubi agogonsa. "An gama, Baba. Na yi alkawari."

Babu takarda, babu shaida. Sai idona a kafar katanga.

Kwana tara suna ɗaukar Mai Fito a kujera su ajiye shi a hancin jirgi, da gorarsa ta fito mai tsage-tsage a hannu. Daga bakin gaɓa nake hango shi. Ya dubi launin ruwa, ya tsoma gora, ya nuna da haɓa, a kafa turke. Turke goma sha ɗaya aka kafa. Jirgin siminti ya wuce sumul, ma'aikata suna tafi. Shi kuwa ya dawo da iskar kogi a ƙirji.

A rana ta goma da hantsi na shiga gaishe shi. Ɗakin yana warin man zafi. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa.

"Rediyo," ya ce, "kin ji abin da yaron nan ya faɗa."

"Ni? A ina zan ji? Ina can ina tankaɗe."

"Shekara talatin ina ganin idonki a katangar nan. Har marigayiya ta ce in toshe, na ce a bar ki, kar ciwo ya kama ki."

Na yi dariya, ban san hawaye na zuba ba.

"Ki riƙe maganar. Auta ba ta iya rigima ba." Ya numfasa. "In ya manta, ki tambayi direban jirginsa da me yake saita hanci a kwanar ƙarshe."

Jiniyar kamfani ta hutun tsakar rana tana kuka ya cika. Auta na riƙe da kofin ruwan da bai sha ba.

Maza suna shirya shi, ni da Auta muka hau mota muka bi gada. Mai gadi ya ce sai mai kati. Na ce masa na san gidan da yake kai kwanon abincinsa in ya tashi aiki, kuma ba gidan matarsa ba ne. Ya buɗe.

Ofishin Manaja sanyi kamar randa. Manaja ya yi mana ta'aziyya mai kyau, har da dafe ƙirji. Direban jirgin yana tsaye gefe da wasu takardu.

"Ranka ya daɗe, maganar wurin Baba," Auta ta ce.

"Wane wuri, 'yar'uwa?" Ya nuna wani zane a bango. "Wancan tudun sito za a gina. Wata mai zuwa za a sare bishiyar, a kwashe waɗanda ke wurin a mutunce. Ban tuna mun yi wata magana ba."

Auta ta sunkuyar da kai za ta juya. Na riƙe bakin mayafinta.

"Ɗana, ni na tuna. Ranar Talata ce. Takalmin nan ne a ƙafarka. Ka dubi agogo, ka ce, 'An gama, Baba. Na yi alkawari.' Da za ka fita ka taka kashin kaza, ka goge a dokin ƙofa."

Direban ya kau da kai yana danne dariya.

"Iya, ko da na faɗa, kamfani ba da baki yake aiki ba."

"To. Kai direba, tsakaninka da Allah, da me kake saita hancin jirginka a kwanar ƙarshe?"

Ya dubi maigidansa, ya dubi ƙasa. "Da giginyar nan, ranka ya daɗe. Baba ya ce wurin ruwa yana da ƙarfi, turke ba ya zama. Sai in sa giginyar a tsakiyar hancin jirgi in miƙe. In na kauce kamu biyu, yashi ne."

"In an sare fa?" in ji Manaja.

"Sai mu kafa dogon ƙarfe, wataƙila. Amma yashi zai sake tafiya baɗi, kuma Baba ya ce wannan layin kaɗai ne bai taɓa canjawa ba. Ni dai ba zan so a taɓa komai a tudun nan ba."

"Tirela arba'in," na ce. "Kai ka faɗa a lasifika. Ruwa babu ramuka, babu cunkoso."

Manaja ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya ɗauki biro ya ja layi ya kewaye tudun.

Ko da gaske turke ba ya zama a wurin, ko tsohon ne ya ƙi kafawa, ban sani ba. Na dai san shi da wayon kifi.

Kafin la'asar aka ɗora gawar Mai Fito a jirgin simintin, a hanci, inda kujerarsa take zama. Ina tsaye a gaɓa na ga sun wuce turaku goma sha ɗaya, sannan jirgin ya juya a hankali ya fuskanci giginya.

Auta ta koma gidan mijinta, an rufe gidan Mai Fito da kwaɗo. Na kwaɓa laka na toshe kafar katangar. Sati bai cika ba na sa tsinke na buɗe, don da safe ina jin wani ɗan sauti daga can, kamar ana tsoma gora a ruwa ana cirewa. Ban faɗa wa kowa ba, ni da ba na iya riƙe magana.

Gorarsa tana nan jingine a bakin ɗaki inda Auta ta bar ta. Wata biyu ba a yi ruwan sama ba. Yau da safe na leƙa, gindinta jiƙe yake har tsaga ta huɗu, yashin ƙarƙashinta ya yi duhu. Can a kogi wani jirgi yana juya hancinsa zuwa tudun.