Hannu a Gefen Hoto

"Baba, ɗan ƙara matsawa. Har yanzu kafaɗarka na ciki."

Tsohon ya ja da baya ya jingina da bango yana haki. Maƙwabcinsa Mai Hoto ya durƙusa ya saita kyamara kan wani mataccen kan jirgi, yana jiran hasken da ke zubowa ta hujin rufin kwano.

Wata huɗu ke nan suna zuwa tsohuwar loko, inda a da ake gyaran jiragen ƙasa. Baba Loko, kamar yadda unguwa ke kiransa, shekara talatin ya yi a nan da sifana a hannu, shi ya san kowace ƙofa. Mai Hoto kuwa tsatsa yake so, da yanar gizo-gizo, da shiru. Ya rantse ɗan Adam ba zai shiga aikin nan nasa ba.

"Wai ƙarfe ya fi ni kyau ne?" in ji Baba.

"Fasaha ce, Baba."

"To, a gaida fasaha."

Ran nan sau uku tsohon yana tsayawa a hanyar gida, wai takalmi ne ke matsa masa. Ranar Laraba da hantsi Mai Hoto na wanke kofi ya jiyo kuka ta katangar gidan Baba. Ya ɗauraye kofin, ya goge, ya kife shi, sannan ya fita. Ya bi mutane maƙabarta, ya tsaya inda aka tsaya, ya dawo. Ya yi ta jiran baƙin ciki ya zo, bai zo ba.

Kwana uku da rasuwar, matar Baba ta aika ya zo. Ya same ta a bakin gado, sandar marigayin na rataye a ƙusa.

"Ɗana, autarmu ba ta samu zuwa ba, ka san nisa. Hotonsa take so na kwanan nan. Namu na katin aiki ne, ruwa ya cinye fuskar. Na ce mata ta kwantar da hankali, ai kullum yana tare da mai hoto."

Ya ce to.

Yini guda ya yi gaban kwamfuta. Hoto dubu da ɗoriya: ƙafafun jirgi, sarƙoƙi, tagogi marasa gilashi, ciyawa a tsakanin layin dogo. Duk sun yi kyau, kuma babu Baba. Sai can wajen la'asar ya buɗe asalin wani hoto da ya taɓa datse wa gefe. A ƙuryar dama ga hannu, daga wuyan hannu zuwa yatsu, riƙe da ƙofar ƙarfe don haske ya shigo.

Ya kai mata a waya. Kunya ta hana shi zama.

"Mama, wannan ne kawai. Ni nake ce masa ya matsa."

Ba ta ɗago ba. Ta kawo wayar dab da ido, ta daɗe.

"Ga ɗan yatsan da inji ya gutsure," ta ce. "Shekarar da muka yi aure. Ya ɓoye min har sati biyu."

Hasken wayar ya ɗauke. Ta miƙo masa.

"Kunna min kuma."

Ya kunna. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a cinya, ta sa yatsanta a kan na mijinta.