Kaka Ta San Hanyar

Shekara shida ke nan Kaka tana zama a ƙuryar shagon ɗanta tela, tana ɗinka maɓallai da hannu. Kowa a gidan ya san ta yi shekara bakwai a kurkuku a ƙasar waje. Fasa-ƙwaurin yadi ne, in ji ta, ɗan kuma bai taɓa tonawa ba.

Wata rana da hantsi Auta, jikarta 'yar shekara goma sha tara, ta shigo da wata mata mai ƙamshin turare.

"Baba, ga Antin da na gaya maka. Tsohuwa, janye ƙafafun nan kada ki kayar mana da baƙuwa."

"Ja'ira," in ji Kaka. "Ƙafafun nan sun je inda naki ba su je ba."

Anti ta durƙusa har ƙasa ta gaida tela, ta ajiye masa sabulu da yadi. Ta ce aiki ne a shagon gyaran gashi a ƙasar waje, ɗaki da abinci kyauta. Ita za ta biya kuɗin jirgi, yarinya ta mayar a hankali. Tela ya tsayar da keken ɗinki yana ta murmushi.

"Auta tana da yayye maza?" in ji Anti. "Akwai ɗan sanda ko lauya a dangi? Wa take yawan kira a waya? Don cike takarda ne kawai, Baba."

Allurar Kaka ta tsaya. Ta san tambayoyin nan, ta san jerinsu, ta kuma san amfaninsu: a gane ko akwai wanda zai bi sawun yarinya in ta ɓata.

Ita ma Kaka an yi wa uwarta tambayoyin nan tana 'yar shekara goma sha bakwai. Da aka kai ta ƙasar waje ta tarar ba shago, sai gida mai ƙofar ƙarfe da maza masu zuwa. Shekara takwas ta yi a ciki, sannan aka ba ta makullin ƙofar, ta ji kamar an naɗa ta sarauta. Tana da talatin aka fara aiko ta gida da kaya masu kyau ta ɗebo wasu 'yan mata. Tana da arba'in ta buɗe nata gidan. Da ribarsa ta saya wa ɗanta keken ɗinkinsa na farko. A kurkuku ta riƙa gaya wa kanta ita ma cutar ta aka yi, kuma gaskiya ne, sai dai gaskiyar ba ta kai ƙarshen labarin ba.

"Yarinyar ta yi ƙanƙanta," ta ce a hankali.

"Haba Inna," in ji tela. "Samu ya zo har gida, ki bari mana."

"Kishi take yi, Baba, ba a gayyace ta ba," in ji Auta. Ta ciro fasfonta daga jaka.

Kaka ta dubi hannun Anti da ya riga ya miƙe. Idan ta yi shiru, za ta mutu a matsayin 'yar fasa-ƙwaurin yadi.

"'Yar nan," ta ce wa Anti, "tun a nan kuke karɓar fasfo yanzu? Mu a zamaninmu sai an sauka, an shiga mota, an kulle ƙofa. Bashin fa, sau nawa zai ninka kafin ta gane ba gashi za ta gyara ba?"

Anti ta janye hannunta. Ta dubi tsohuwar da kyau, irin duban da ɗan sana'a ke yi wa ɗan'uwansa. Ta ce ana jiran ta, ta kwashi yadinta, ta manta sabulun.

Tela ya juyo ya dubi uwarsa.

"Inna," in ji tela, "ku da wa?"

Ta faɗa masa, kanta a sunkuye, tun daga ƙofar ƙarfen har kurkukun. Ba ta tsallake keken ɗinkin ba. Ya ɗauke hannunsa daga kan keken da ke gabansa, ko da yake ba shi ne na farkon ba.

"'Yan mata nawa?" ya ce.

"Ban ƙirga ba."

"Sun dawo?"

"Wasu."

Auta tana jingine da bango, ta rungume fasfon a ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce, ba tare da ta dubi kakarta ba, "'Yar mai kantin magani ta ba Anti nata tun jiya. Jibi za su tashi."

"Zan je in gaya wa ubanta," in ji tela.

"Ba zai yarda da kai ba," in ji Kaka. "Kai ma ɗazu ba ka yarda ba. Sai wanda ya san hanyar."

"Unguwa duk za ta ji, Inna."

"Na sani."

Ta soke allurar a jikin rigar da take ɗinki, ta dafa tebur ta miƙe, ta yafa mayafi. Auta ta riga ta fita. Tana gaba da sauri, ba ta waiwaya ba, Kaka na bin ta a baya har bakin kantin.