Muryar Tsakiya ta Malam Sunusi

Suna cikin baiti na biyu Malam Sunusi ya zauna a kan matakala, ya dafe ƙirji.

"Malam, ba mu kai wurin hutu ba fa," in ji Munzali, maƙwabcin ɗakinsa. "Ko shinkafar rana ce ta yi maka nauyi?"

"Ku ci gaba, yanzu zan tashi."

Bai tashi ba sai da aka kama shi.

Su huɗu ne, kowace Juma'a bayan la'asar suke haɗuwa a matakalar benen da suke haya a Al Wukair, kusa da Doha, don wurin yana amsa murya. Sharafaddeen, ɗalibin jami'a, shi ya kwaso musu abin daga intanet: waƙar mutum huɗu, ba kiɗa ba tafi, kowa da muryar da yake bi, wai a shagunan aski na Amurka aka saba yin ta. Suka ɗora mata baitocin Hausa. Munzali direba ke jan waƙar, Sharafaddeen ya hau sama, Ado ya yi ƙasa kamar injin markaɗe. Shi kuwa Malam Sunusi, mai gadi a unguwar West Bay, da ƙyar aka shawo kansa ya karɓi muryar tsakiya.

"Ni da furfurata? A ji a Gusau ina waƙa?"

Ƙarshenta shi ke riga kowa zuwa, wanda ya makara kuma ya sha faɗa.

Da aka kai Malam Sunusi asibiti, likita ya ce zuciya ce. Kullum Munzali ya tashi aiki sai ya kai masa kunu asibiti.

"Kun yi ranar Juma'a?" Malam Sunusi ya tambaye shi.

"Da wa? Kai muke jira."

"Ku nemi wani, kada abin ya mutu."

"Khalas, ya isa, Malam, bar maganar nan. Sha kununka."

Bai sha ba. Washegari da hantsi rai ya yi halinsa. A Doha aka binne shi, babu ɗan'uwa na jini ko ɗaya a sahu. Munzali ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, ya fito yana kuka bai damu da wanda ke kallo ba.

Bayan addu'ar bakwai matar Malam Sunusi, Haulatu, ta kira daga Gusau.

"Malam Munzali, an ce Baban Nana yana waƙa. Ni ban taɓa ji ba. Tunda ban ga gawarsa ba, ko muryar ce a ba ni."

Sau ɗaya suka taɓa ɗaukar kansu a waya. Munzali ya tura mata. Ba a jima ba ta sake kira.

"Na saurara har wayar ta yi zafi. Don Allah, wanne ne shi?"

Munzali ya kunna, ya sake kunnawa. Ya ji kansa, ya ji Ado, ya ji Sharafaddeen, amma ya kasa tsinto Malam Sunusi. Muryar tsakiya haka take: aikinta cike gurbin da ukun suka bari, kuma wanda ya iya ta sosai ba a jin sa ko kaɗan. Gwanintar mutumin ce ta ɓoye shi. Abin ya yi wa Munzali ciwo fiye da ranar jana'iza, ga matar mutum tana roƙon abu ƙanƙani, shi kuma ba shi da abin ba ta.

Ranar Juma'a ya ƙwanƙwasa wa Ado da Sharafaddeen ƙofa, suka fito matakala. Ya kira Haulatu, ya jingine wayar a jikin bango.

"Hajiya, kin haddace waccan ko? To ki ji wannan."

Suka yi waƙar su uku. Babu wanda ya yi kuskure, amma ta fito fayau, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Da suka kai ƙarshe, inda a da muryoyin kan haɗu har benen ya ɗauka, babu abin da ya ɗauka. Ado ya juya wa bango fuska.



"Na gane shi," in ji Haulatu a hankali. "Abin da babu ɗin nan, shi ne." Suka ji ta ɗaga murya tana kiran 'yarta. "Nana! Zo ki ji wurin babanki. Malam Munzali, don Allah ku sake."

Munzali ya ja numfashi, ya buɗe baki, muryar ta ƙi fitowa. Daga cikin wayar ana jin numfashin yarinya, tana jira.