Tasalla da Akwatin Rediyo

Shekarar da aka ja wayar rediyo zuwa Ƙofar Marke, Mode mahauci na cikin na farkon da suka sa aka kafa musu akwati. Ba irin rediyon yanzu ba ne mai kamo duniya. Ɗan akwatin katako ne da ake ratayewa a bango, waya ta fito ta bayansa ta bi sanduna har gidan rediyon gari, abin da aka faɗa can shi za ka ji, ko kana so ko ba ka so. Da safe karatun Alƙur'ani, da hantsi labarai da yadda kasuwar shanu ta kwana da cigiyar jaki ko akuya, da yamma gaishe-gaishe da kiɗan kalangu.

Mode ya so a kafa shi a zaure don abokansa su sha kallo. Matarsa Tasalla, wadda ba ta cika musu ba, ta kafe sai a ɗakinta, wai zaure yana yoyo. Zauren nan kuwa tun da aka gina shi bai taɓa yoyo ba! Kowa ya san dalili, ba dai wanda ya faɗa. Muryar da ke fitowa daga akwatin ta Aƙilu ce, ɗanta na fari.

To, kun san yadda uwa take da ɗan fari, Tasalla kuma ta fi kowa riƙon wannan kunya. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Bakinta bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". In ya zo gaisuwa ya durƙusa bakin ƙofa, sai ta juya ta fuskanci bango ta ce "lahiya lau", ta hau tsintar shinkafar da ba tsakuwa. Ya gama makarantar Midil ba ta ce sannu ba. Ya yi aure ta shige ɗakin girki. Ga shi kuwa duk cikin 'ya'yanta babu wanda take so kamarsa, son da har yakan hana ta cin abinci.

Sai ga akwati. Ranar farko da hantsi, Mode ya tafi mahauta, gida ba kowa, ta ji muryar ɗanta a tsakiyar ɗakinta: "Assalamu alaikum, jama'ar Sakkwato." Kafin ta ankara ta amsa. Ai sallama ba a ƙin amsa ta. Ta dubi ƙofa, ta dubi akwati, ta ga ba ido a jikinsa. Sai ta matsa kusa, ta rage murya ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Daga ranar hira ta ƙullu. A ganin Tasalla, wayar da ta iya kawo magana ai ta iya mayar da ita, kamar yadda guga ke sauka rijiya ya hau. Kuma abin ya yi ta ba ta gaskiya. Ran nan ta ji yana tari, ta ce ya sha citta da zuma, bayan kwana kaɗan tari ya tafi. Wata rana ta ce masa, "Kai, rage sauri, tsofaffi na saurare," sai ga shi ya karanta cigiyar wani jaki a hankali. Rashin amsarsa bai dame ta ba, har ma ya burge ta. Yaro mai kunya, ya amsa wa uwarsa duk gari na ji? Haka ta yi shekaru tana zuba masa abin da ke ranta. In ta ji sallamarsa ta gaske a zaure kuwa, sai ta yi maza ta rufe akwatin da tsohon zane.

Ana shirin bikin samun 'yancin kai, gari duk ya ɗauki haramar tuta da fareti, sai labari ya zo an yi wa Aƙilu canjin wurin aiki zuwa babban gidan rediyo na Kaduna. Mode ya yi ta washe baki a kasuwa. Tasalla ta ce "to", ta koma ɗaki. A nan ta yi kukanta gaban akwati, ta sa masa albarka, ta ja masa kunne kan salla da abokan banza. Ta share hawaye, hankalinta kwance, ta yi sallama da ɗanta yadda ya kamata.

Ana gobe tafiya, matar Aƙilu, Ni'imatu, ta zo ban kwana da hantsi. Ta yi sallama ba a ji ba, ta ɗaga labule, ta tarar da surukarta ta kafa baki jikin akwati tana cewa, "Ka tahi da bargo, an ce can akwai sanyi."

Ni'imatu ta durƙusa ta gaishe ta, tana ƙoƙarin haɗiye dariya. "Inna, da wa kike magana?"

"Da wa kuwa? Da wancan. Kar dai ki hwaɗa ma kowa."

"Inna, ai ba shi ji. Ni ma na taɓa gwadawa, nac ce ya taho min da daddawa. Ya dawo hannu rabbana. Da nag gaya mishi, dariya har da riƙe ciki. Ya ce wayag ga kawowa takai, ba ta maidawa."

Tasalla ta zauna bakin gado. "Ko kalma guda?"

"Ko guda, Inna." Dariya ta gudu daga fuskar Ni'imatu. Ta sunkuyar da kai. "Shi kau cewa yakai ba ki ko saurarensa. Duk sadda ya zo, akwatin na rufe da zane. Jiya ma ya ce, kowa a garin ga ya san muryarsa ban da wadda ta haife shi."

Wayyo, Tasalla! Citta da zuma, albarka, kukan shekaranjiya, duk katako ta yi wa. Yaron zai hau mota da safe yana ganin uwarsa ba ta damu da shi ba. Ranar ko tukunya ba ta ɗora ba. Ta dubi idonsa ta yi magana? Ba za ta iya ba, bakin ba zai buɗu ba. Ta bar shi ya tafi haka? Wannan kuma ya fi ƙarfin zuciyarta.

Bayan azahar, lokacin da gidan rediyo ke hutawa akwati ya yi tsit, Aƙilu ya yi sallama. Ya durƙusa bakin ƙofa inda ya saba.

"Inna, na zo in yi sallama. Gobe in Allah ya so za mu tahi."

"Lahiya lau," in ji Tasalla, fuskarta na bango. Amsar ma ba ta dace da maganar ba.

Ya ɗan jira. Da bai ji ƙari ba ya dafa ƙasa zai miƙe. Sai ya ga ta tashi, ta janye zanen daga kan akwati ta ninke, ta ba shi baya, ta matsa bakinta jikin katakon.

"Kai na cikin akwati," ta ce, "tun randa anka kahwa ka ban taɓa barin sallamarka ta hwaɗi ƙasa ba. Na san randa kay yi tari. Na san randa kak karanta labari da yunwa. Jakin nan da kay yi cigiya, ni na ce ka rage sauri. Zanen ga kunya ce, ba ƙi ba. Ka tahi da bargo. Ka riƙe salla. Allah shi yi ma albarka, ɗana."

Aƙilu, wanda duk Sakkwato ta san bai taɓa sarƙewa a magana ba, ya buɗe baki ya rufe. Ya goge ido da hannun riga, ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin wadda yake yi kafin labarai.

"Ana jin ki, Inna," ya ce. "Yau waya ta maido."

Tasalla ba ta juyo ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin, ta bar shi nan.

"To, tunda ana ji," ta ce, "zauna. Da saura."