Takardun da Malama Kucera ta riƙe

Shekara ashirin da shida Lorna Kucera ta yi tana koyar da lissafin share fagen jami'a a sakandaren Verdell, kuma ba ta taɓa sauya tsarinta ba. Kwana ɗari da tamanin ne a shekarar karatu, kowace rana da nata darasin a cikin wani jan fayil mai kauri wanda salatif ya riƙe bayansa. Makon farko bita ne, sai layuka da zanensu, kusurwoyi da da'ira kuwa sai an gama girbin masara. Rana ta takwas jarrabawa. Rana ta tara kowa zai karɓi takardarsa da jan biro a jiki, ko da Malama ta tashi da zazzaɓi.

Tana da dalilinta. Dokar makarantar ita ce ɗalibi na iya barin kowane darasi a cikin kwana goma na farko ba tare da an rubuta masa komai ba. Daga rana ta goma sha ɗaya kuwa ya shiga ke nan, in ya fita an rubuta ya faɗi. Malama Kucera ba ta cinikin biri a sama. Ta fi son yaro ya ga makinsa da idonsa, sannan ya zaɓi zama ko gudu. Iyayen yaran da yawa ta hannunta suka bi, don haka duk garin an san wannan hali nata.

A da ajin kan ɗauki mutum ashirin da takwas. Bana goma sha ɗaya ne. Manyan gonaki sun haɗiye ƙanana, iyalai sun watse, sauran yaran kuma sun yi wayo, sun gane babban maki a darasin ginin tukwane da babban maki a lissafi duk nauyinsu ɗaya a takardar sakamako.

Ranar Litinin ta mako na biyu shugaban makarantar, Gilbert Hruska, ya shigo ajinta da kofin gahawa a hannu. Tsohon ɗalibinta ne, daga kocin ƙwallo ya zama shugaba, har yanzu kuma in ya shigo ɗakin nan sai ya gyara tsayuwa.

“Malama, wata 'yar magana ce daga sama,” in ji shi. “Duk ajin da bai kai mutum goma ba ranar Juma'a ƙarfe uku, rufe shi za a yi. Yaran su koma ɗakin kwamfuta. An sayo wani darasi, akwai wani mutum da ke bayani a allo daga can wata jiha.”

“Ni fa?”

“Ke za ki zauna da su, ki tabbatar ba ƙwallo suke kallo ba.”

Ta cire tabarau ta dube shi. “Gilbert, kai da ka sha da ƙyar a kujerar can ta baya, yau kai aka aiko ka gaya min wannan?”

“Ai na dai sha, Malama, kada ki rage min. Wallahi ba da son raina ba ne. Amma kina da goma sha ɗaya, ko mutum ɗaya ya gudu kin tsira.”

Ranar Laraba ta ba da jarrabawarta kamar kullum. Da aka tashi ta zauna a ajin ta duba takardun, fanka na ta juya iska mai zafi. Takardar Yesenia Arreola ta fara ɗauka, don ta san ita za ta wanke mata zuciya. Casa'in da takwas. Yarinyar ta bi ta wata hanya a tambaya ta bakwai wadda ko a jan fayil babu ita, sai da Malama ta ɗauki fensir ta bi sawunta kafin ta yarda. Iyayen Yesenia duka biyu a mahautar shanu ta bayan gari suke aiki, ita kuma tana aji na ƙarshe, tana kankankan da ɗan likitan haƙori wajen fitowa ta ɗaya. A Verdell wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wata gidauniya da wani tsohon manomi ya bari ita ke ɗaukar nauyin karatun jami'ar duk wanda ya zo na ɗaya, na biyu kuwa sai tafi. Ɗan likitan haƙori tukwane ya zaɓa bana.

Sauran takardun suka rage mata farin cikin. Mutum uku sun faɗi warwas, cikinsu har da Colby Svoboda ɗan ƙwallo, wanda ya ci arba'in da ɗaya, shi ma da jin ƙai. In waɗannan suka ga makinsu gobe, kafin abincin rana sun yi layi a ofishin sauya darasi. Saura takwas ke nan.

Ta tarar da mai ofishin, Twila Brandt, tana kulle ƙofa. Twila ce mai ba ɗalibai shawara, ƙawarta ce tun suna 'yan mata.

“Mutum uku sun faɗi,” in ji Lorna. “Aji ya tafi.”

“To dole ne su sani gobe? A wane littafi aka saukar da shi? Ki riƙe takardun zuwa Litinin mana.”

“Wannan ai yaudara ce, Twila.”

“Ke dai kin cika tsarki. Ba ƙarya na ce ki yi ba, shiru na ce ki yi na kwana biyu.”

“In suka faɗi a ƙarshen zango fa? Ya zauna a takardunsu har abada.”

“Sai ki ja su, ai aikinki ne. Lorna, ina darasin Faransanci? Ina na kimiyyar sinadarai na manya? Kin taɓa ganin an rufe aji a makarantar nan ya dawo? In wannan ya tafi, ba su uku kaɗai suka faɗi ba, har ƙannensu da ba a haifa ba.”

Maganar ta shige ta, domin gaskiya ce. Shekara huɗu suka rage mata ta yi ritaya, kuma tsoro take ji ƙwarai ta ƙare su tana gadin yara masu abin ji a kunne. Ta sa takardun a jaka ta tafi da su gida, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ranar Alhamis yaran suka zauna suna kallon teburinta. Ba komai a kai sai jan fayil.

“Malama, ina hukuncin namu?” in ji Colby daga baya. “Ni fa har na yi sallama da 'yan gidanmu.”

Aka yi dariya. Ta juya ga allo ta ce, “Ban gama dubawa ba. Sai Litinin. Ku buɗe shafi na talatin da biyu.”

Dariyar ta ɗauke. Ita da ba ta iya ƙarya ba, sai kunya ta hana ta haɗa ido da kowa, wanda ya fi kusa da ita kuma shi ya fi shan wannan kau da kai. Yesenia ce a kujerar gaba. Sau biyu ta ɗaga hannu, Malama ta kira wani. Da aka kaɗa ƙararrawa yarinyar ta tsaya a gefen tebur tana murza igiyar jakarta.

“Malama, tambaya ta bakwai ɗin nan, na bi ta wata hanya daban, ban sani ba ko...”

“Sai Litinin, Yesenia,” ta ce, idonta a kan fayil. Ta san in ta ɗago fuskarta za ta tona ta, in kuma ta gaya wa ɗaya ta gaya wa duka. A lissafinta ma Yesenia ba ta cikin abin damuwa, su ukun can take ƙirgawa.

Ranar Juma'a su goma sha ɗaya suka zo, ta koyar da darasi na goma, har ta fara jin sanyi a ranta. Ƙarfe uku da minti goma, bayan ta sallami 'yan aji ɗaya, Twila ta shigo da takarda a hannu, ba ta zauna ba.

“Tara,” in ji ta.

“Colby da wa?”

“Colby koci ne ya tsorata shi, wai in ya faɗi ba zai buga wasa ba. Sauran biyun naki suna nan daram.” Ta ajiye takardar a kan tebur. “Yesenia ce. Ta zo uku saura kwata da sa hannun mahaifiyarta.”

Lorna ta dafa tebur. “Casa'in da takwas ta ci.”

“Ina zan sani? Kin ce min uku sun faɗi, ba ki ce su wane ne ba. Yadda ta shigo idonta jawur, na ɗauka tana ciki. Na ja ta da hira iya iyawata, na turo miki saƙo har biyu, wayarki kuma kullum a kashe a aljihun tebur. Ba ni da ikon hana ta.”

Lorna ta garzaya wurin Hruska, ya saurare ta a tsaye, yana sosa ƙeya. Ya ce na'ura ce ke kulle jerin sunayen da ƙarfe uku, tuni sun isa ofishin gunduma, ya ma buga waya an ce masa in aka buɗe wa Verdell sai an buɗe wa makarantu bakwai. Ta ga da gaske ya buga, don kunnuwansa sun yi ja. Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ta sami Yesenia zaune a matattakalar ɗakin wasanni tana jiran mahaifiyarta ta taso daga aiki. Ta zaro takardar daga jaka ta miƙa mata. Yarinyar ta daɗe tana kallon jan rubutun da ke sama.

“Tun yaushe kika duba?”

“Tun Laraba.”

“Amma kin ce ba ki gama ba.”

“Na ce.”

“Malama, ke fa kullum washegari kike bayarwa. Yayana ya gaya min, kowa ya sani. Da na ga ba ki bayar ba, ba kya ko kallona, sai na ce shi ke nan, na yi abin kunyar da kika rasa yadda za ki gaya min. Na bar hanyar littafi a ta bakwai, na ɗauka daga nan komai ya rushe.” Ta goge hanci da bayan hannu. “Ni ko makin B ɗaya na samu na rasa ta ɗaya, kin sani. Mama ta ce kada in yi caca da abin da ba mu da na biyunsa.”

“Mamanki ta yi gaskiya.”

“To me ya sa kika riƙe?”

Lorna ta dube ta ta ce, “Don kada waɗanda suka faɗi su gudu a rufe min aji.”

“Sun gudu?”

“Biyu suna nan. Ajin ne ya tafi.”

Yesenia ta sake duba takardar, ta juya bayanta. “Ba za a iya mayar da ni ba?”

“Babu inda za a mayar da ke.”

Wata tsohuwar mota ta tsaya ta yi ham. Yarinyar ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a aljihun wando, ta ce sai Litinin. Garin neman gira Malama ta rasa ido, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa, ko Twila, domin shawara kawai Twila ta bayar.

Ranar Litinin mutum tara suka jeru a ɗakin kwamfuta, kowa da abin ji a kunne, ciki har da biyun nan da suka faɗi, waɗanda yanzu ba su da hanyar fita. Mutumin allo yana ta bayani, bakinsa na motsi a alluna tara, Lorna ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta zauna a kujerar da aka ajiye mata kusa da ƙofa.

Can aka ƙwanƙwasa. Yesenia ce, da kati rataye a wuya. Babu sauran gurbi a ko'ina a wannan sa'ar, don haka aka sa ta aiken ofis, tana zaga azuzuwa tana karɓar sunayen waɗanda ba su zo ba. Idonta ya sauka a allon da ya fi kusa, inda wata yarinya ta cije a kan wata tambaya. Leɓɓan Yesenia suka motsa kaɗan, Lorna ta ga ta riga ta samo amsar. Sai ta kawar da kai, ta miƙo takarda da biro.

“Malama, an ce ki sa hannu a nan. Akwai wanda bai zo ba?”

“Kowa ya zo,” in ji Lorna, ta sa hannu.