Zaɓen Masu Gyaran Waya

Raudatu ce ta gina manhajar zaɓen a ɗakinta na Samaru, aikinta na kammala digiri. Japheth kuwa, sakataren ƙungiyar masu gyaran waya ta Sabon Gari, shi ya tallata ta kamar mai maganin basir a tasha. Fasahar bulokcen ce, in ji shi: kowace ƙuri'a tana rubuce a wayar kowa, ba mai iko da ita, ko wadda ta gina ta ba ta isa ta taɓa ba.

Raudatu tana jin sa. Ta san ta bar wa kanta wata ɓoyayyiyar ƙofa ta gyaran kuskure a cikin manhajar, amma yabo da daɗi, sai ta haɗiye maganar.

Ranar Asabar bayan azahar sakamako ya fito. Abdulrahim ya kayar da Alhaji Uba, shugaba mai ci. Magoya bayan Abdulrahim suka fita titi suna ihu. Mutanen Uba kuwa suka jawo ƙofar ƙarfe ta ofishin ƙungiyar suka rufe, da Raudatu da Japheth a ciki.

"Canza sakamakon," in ji Uba.

"Alhaji, Allah ya sani ba ya canzuwa," in ji Japheth. "Tambayi malamar."

Ba wanda ya ko kalle ta. Ƙarti biyu suka danne hannun Japheth na dama a kan teburin aiki, na uku ya ɗauko guduma. Ƙarar da ɗan yatsan ya yi sai da ta ji ta a haƙoranta. Japheth ya ƙwalla ihu, jini ya bi gefen tebur yana ɗiga.

Tsoro ya daskarar da ita. In ta yi magana, sunanta da digirinta sun tafi, ta zama maƙaryaciya daga Samaru har Muchia. Ta ce a ranta yanzu za su gaji su bari.

Ba su gaji ba. Guduma ta sake sauka, ta kuma sauka. Mai gyaran waya da yatsunsa yake ci, ga na uku ya lanƙwashe baya.

"Alhaji, don Allah ka bari!" in ji Raudatu. "Zan yi."

Ta buɗe kwamfutarta, hawaye na zuba a kan madannai. Ko minti biyu ba ta ɗauka ba. Wayoyin da ke ɗakin suka yi ƙara lokaci guda, Uba ya duba tasa ya yi murmushi. A waje ihun murna ya ɗauke ɗif, can kuma aka fara dukan ƙofa da rodi.

Raudatu ta durƙusa ta cire mayafinta za ta ɗaure masa hannu. Japheth ya janye hannun zuwa ƙirjinsa.

"Raudatu," ya ce da ƙyar, "tun yatsan farko kina iyawa?"